Sufabaiza ya ce in daina wasa da rauta, kuma saura mini wata biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan ajinmu a nan.

Ina digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a nan Arewa, da rana kuma ina koyarwa a makarantar sakandare. Taken da aka amince mini da shi tun bara shi ne kwatanta CUBIC da BBR, wato dabaru biyu da TCP, tsarin da ke kai bayanai tsakanin na'urori a intanet, ke bi don ya san yawan bayanan da zai riƙa turawa ba tare da ya cushe hanya ba. Aikin duka a cikin ns-3 nake yin sa, manhajar kwaikwayo ce: ka zana hanyar sadarwa ta ƙarya, ka ce faɗinta kaza, jinkirinta kaza, ka saki bayanai ka ga yadda za su yi. Babi na ɗaya zuwa na uku sun wuce lafiya. A na huɗu na maƙale. Zane-zanen da nake fitarwa kamar an kwafo su daga takardun da na karanta, ni kaina ba na ganin abin da na ƙara. Da na buɗe fayil ɗin sai barci ya kama ni.

To ga inda matsalar take. Tun ina digirin farko nake da cutar kwance na'ura. Na sayi wata rauta ta hannu, wato na'urar raba wifi, a Fam Santa, na sa mata OpenWrt, manhajar da ke ba ka damar sarrafa rauta yadda kake so, na haɗa ta da modem na 4G, wani abokina kuma ya ba ni Raspberry Pi 4 ('yar ƙaramar kwamfuta ce) da ba ya amfani da shi. Yau wata bakwai ke nan wannan Pi ɗin yana auna layin gidana: duk minti goma ya aika ping, wato ɗan saƙon da ke auna lokacin zuwa da dawowa, duk awa biyu ya yi gwajin saukewa na sakan ashirin, ya rubuta abin da ya gani. Abin da na lura shi ne, in babu mai amfani da layin, ping kan tsaya wajen milisakan 60 zuwa 70. Da zarar wani ya fara sauke abu, ko ya ɗora bidiyo a sitatus, sai ya tashi 1,500, wani lokaci har 2,000, musamman daga isha'i zuwa sha ɗayan dare. A lokacin kiran WhatsApp sai ya koma "hello, kana ji na?" alhali sandunan sabis a cike suke. Wannan abin nakan kai ƙarfe biyun dare a kansa ban sani ba.

Na kai wa sufabaiza na nuna masa. Ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ce wannan aikin masu gyaran waya ne, in je in gama abin da aka amince da shi. Wata biyar suka rage mini, in na wuce sai na sake biyan kuɗin rajista, kuma ba ni da su. Uwargida ita ma ta sa ni gaba, wai rauta ce ke shanye batirin sola har fanka take mutuwa kafin asuba. Akwai maƙwabta uku da ke kama wifi ɗin muna haɗa kuɗin data, wani lokaci nakan buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna bayanan da ke wucewa a layi, in ga me ke cushe layin.

Shin in kashe komai in rungumi ns-3 har in gama? Ko in nemi a canza mini take in koma kan abin da zuciyata ke so? Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka taɓa take. Na faɗa maka ne a matsayin wanda ya yi shekara huɗu da rabi a digirin da aka ce na shekara biyu ne. Ni ma haka na yi, na ga wani abu ya fi burge ni, na ce a canza. Canza take ba magana ce tsakaninka da malaminka kaɗai ba. Sai ka sake furofozal, sai an sake semina, sai kwamitin sashe ya zauna, sai takarda ta je makarantar karatun gaba da digiri ta dawo. Kwamitin da zai zauna wannan watan sai a ɗaga shi zuwa wata mai zuwa saboda mutum biyu sun yi tafiya. Kafin ka ankara zango ya wuce. Kuma malamin da ka nuna wa cewa takensa bai ishe ka ba, shi ne dai zai sa hannu a ƙarshe. Ka cire wayar rautar nan ka sa a akwati, ka rubuta babi na huɗu ko da kana hamma. Wanda ya karɓi takardarsa sai ya yi wasan da ya ga dama.

Mai Shagon Caji: Ni dai ina bayan uwargida. Ana wannan zafin ka bar fanka ta mutu saboda ping? Malam ka ji tsoron Allah.

Injiniyan Sadarwa: Mai Shagon Caji ka ba ni dariya, amma a yi wa rauta adalci. Raspberry Pi 4 da ƙaramar rauta da modem, duka ukun da wuya su wuce wat 15 zuwa 20. Fankar tsaye ta gida ita kaɗai tana jan wajen wat 50. In batir ba ya kai asuba, a duba batirin, ya fara gajiya.

Yanzu kan ainihin magana. Ɗan'uwa, abin da kake gani yana da suna, kuma ba aikin masu gyaran waya ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Jim Gettys, shi ya fito da shi fili a 2010 bayan ya ga irin wannan a layin gidansa. A Turance bufferbloat ake ce masa, da Hausa sai mu ce kumburin layin jira. Ga yadda yake. Duk na'urar da fakitin bayanai, wato ƙananan ƙunshin da ake rarraba bayanai a tura, ke ratsawa tana da wata 'yar ma'ajiya inda suke jeruwa in hanyar gaba ta cika. Masu ƙera kaya sun ga ma'ajiya ta yi araha, sai suka yi ta ƙara girmanta don kada a zubar da fakiti ko ɗaya. CUBIC kuwa, wanda manhajar tafiyar da kwamfuta ta Linux ke amfani da shi kai tsaye tun 2006, ba ya rage gudu sai ya ga fakiti ya ɓata. Ka ga an haɗa mai haƙuri da marar kunya: ita ma'ajiya ba ta zubarwa, shi kuma ba ya dainawa sai an zubar. Sai ya cika ta taf.

Yi lissafin da kanka. Ma'ajiyar megabait ɗaya megabit takwas ke nan. In da daddare rabonka daga turken sabis ya sauko megabit 4 a sakan, kafin layin ya zube sai an yi sakan biyu. Ga milisakan 2,000 ɗinka nan. Fakitin muryar mai kira ƙanƙane ne, amma dole ya bi bayan duk wannan lodin, kamar mai keke da ya faɗa bayan jerin tireloli a ƙofar gari. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta bayar ita ce muryar waya kada jinkirinta ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya in ana son hira ta yi daɗi. Sandunan sabis ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba su san tsawon layin jira ba.

BBR da Google ta fitar a 2016, ya shiga Linux 4.9, an yi shi ne don wannan ciwon: yana ƙiyasta faɗin hanya da mafi ƙarancin jinkiri, ya yi ƙoƙarin kada ya tara kaya a ma'ajiya. Wato abin da kake aunawa da daddare da abin da ke sa ka barci da rana abu ɗaya ne. Mamaki nake yadda ba ka gani ba.

Maganin gida kuma yana cikin OpenWrt ɗin da ke gabanka. Sa SQM, manhajar sarrafa layin jira, ka zaɓi dabarar CAKE a cikinta, ka rage gudun ya zama ƙasa kaɗan da abin da layin ke bayarwa, don layin jiran ya dawo cikin rautarka inda kake da iko da shi. Sai dai a 4G gudun ba ya zama wuri guda, lambar da ta yi daidai da hantsi ba za ta yi da isha'i ba. Akwai wani ɗan shiri da ake kira cake-autorate da ke bin layin yana gyara lambar, ka gwada shi.

Malamar Jami'a: Ɗana, ni malama ce a wannan fanni, ina da ɗalibai irinka guda shida a hannuna yanzu, don haka bari in fara da kare abokin aikina duk da ban san shi ba. Ka je masa da kwamfuta a buɗe, kana murna, kana nuna masa layuka masu hawa da sauka. Abin da ya gani shi ne ɗalibin da ya rage wata biyar, bai kawo babi na huɗu ba, ga shi ya zo da sabon labari. Ni ma da abin da zan ce ke nan, wataƙila da lafazi mai ɗan taushi.

Tsohon Ɗalibi ya yi gaskiya, kada a taɓa take. Amma ban yarda a sa rauta a akwati ba, don ba ka buƙatar canza take kafin ka yi amfani da ita.

A kwaikwayonka, me ka rubuta a matsayin faɗin hanya? Na tabbata lamba ɗaya ka sa, megabit 10 ko 20, ta zauna daram daga farko har ƙarshe. Babu layin waya a duniya da ke haka. Shi ya sa sakamakonka ya yi kama da na kowa. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Keith Winstein da abokan aikinsa, da suka zo nazarin layukan waya wajen 2013, mota suka shiga suka zaga Boston suna naɗar yadda gudun layi ke canzawa, sannan suka riƙa sake kunna wannan naɗin a ɗakin gwaji suna ɗora dabaru daban-daban a kai. Daga baya aka fitar da manhajar Mahimahi mai yin wannan aiki, kuma takardu da yawa sun ci gaba da amfani da naɗin nan na Amurka. Kai kuma kana zaune da na'urar da za ta naɗo maka layin unguwarku a Kano bayan isha'i. Sai ka ciyar da kwaikwayonka da shi. Take yana nan yadda yake, CUBIC da BBR, abin da ya canza kawai sashe ɗaya ne a babi na uku, inda ka faɗi daga ina yanayin hanyar ya fito. Wannan gyara ne da malami zai iya amincewa da shi a ofishinsa ba tare da kwamiti ya zauna ba, a mafi yawan sassan da na sani.

Amma zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Awon wata bakwai ɗinka, a yadda yake, ba bincike ba ne tukuna. Layi ɗaya ne, gida ɗaya, modem ɗaya, turken sabis ɗaya, ga maƙwabta suna hawa suna sauka ba ka san lokacin da suke kai ba. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje zai tambaye ka ta yaya ka san ba maƙwabcinka ne ke sauke fim ba a lokacin da ping ya tashi. Me za ka ce? Ka ɗauki wancan a matsayin abin da ya nuna maka inda za ka haƙa. Sannan ka ware mako uku kacal ka yi awo mai tsari: layukan kamfani biyu ko uku, ka kira su A da B da C a rubutu, wurare biyu, lokuta uku a rana, babu kowa a kan wifi, kowane gwaji a maimaita shi sau da yawa. Gwajin duk awa biyu ba zai ba ka naɗin da kwaikwayo ke so ba, kana buƙatar gudun layin daki-daki, aƙalla duk kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ranar da mako uku suka cika ka tsaya, ko da ka ga wani abin sha'awa. Cutar irinku ke nan, ba ku san tsayawa ba.

In za ka koma wurinsa, kada ka je da kwamfuta. Shafi ɗaya a buge: zane guda, jimla uku da ke cewa wannan zai ƙarfafa babi na huɗu, da ranakun da za ka kawo kowane abu. Ka ce shawararsa kake nema kan ko a sa shi a babi na uku ko a rataye. Kuma ka tuna masa cikin ladabi, in hira ta kai can, cewa fannin nan kansa daga awo ya fara. A Oktoban 1986 layin da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga kilobit 32 a sakan zuwa bit 40. Bin diddigin wannan ne ya kai Van Jacobson ga dabarun da ya wallafa a 1988, waɗanda CUBIC ɗinka jikansu ne.

Abu na ƙarshe: ka duba wace fitowar BBR ce a cikin ns-3 ɗinka, ka rubuta ta ɓaro-ɓaro. Ta farko ce aka fi samu, Google kuwa ta kai ta uku tun 2023. Mai jarrabawa da ya san fannin zai tambaya.

Barista: Kowa ya tsallake layi ɗaya a rubutunka, ni kuwa shi ya tsaya mini. Ka ce kana buɗe Wireshark a kan layin da maƙwabta ke amfani da shi. Sun sani? Ko da saƙonninsu a kulle suke, kana iya ganin shafukan da wayar kowa ke nema da lokacin da ta nema. Wannan bayanan mutane ne. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023, kuma jami'arku tana da kwamitin ɗa'ar bincike. Kada ko fakiti ɗaya na maƙwabci ya shiga kundinka, abin da ka taɓa ajiyewa kuma ka goge. Ka auna kayan da kai ka tura kawai. Ban da doka ma, maƙwabtaka amana ce. Batun haɗa kuɗin data kuma ka bar shi a karo-karo, kada ya zama kana sayarwa, don sayar da intanet sai da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Barista, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba, na goge fayilolin yanzu, kuma gobe zan gaya musu da bakina. Hajiya Malama, Allah ya saka da alheri, kin faɗi gaskiya, megabit 10 na sa tun farko ban taɓa motsa shi ba. Kunya ma nake ji. Tambayata ga Injiniya: in ina so in gwada BBR a kan layin gaske, ba a kwaikwayo kaɗai ba, sai in kunna shi a Pi ɗin?

Injiniyan Sadarwa: A'a, nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Dabarar tana aiki ne a wurin mai turawa. In ka kunna BBR a Pi, abin da kake ɗorawa kawai zai shafa. In saukewa kake son aunawa, dole ɗaya bakin ya zama naka: ka yi hayar ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da ke zaune a intanet, ta wata ɗaya, ka sa mata Linux da iperf3 mai gwada gudun layi, ka riƙa sauya ta tsakanin CUBIC da BBR. Shirin awo na Flent zai haɗa maka lodi da ping a zane guda.

Ka kuma kula da inda uwar garken take. Haske a cikin wayar gilashi yana yin wajen kilomita 200,000 a sakan. Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan a mafi ƙaranci. Wayar MainOne ta ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, ita kaɗai ta ƙara maka 70 kafin ka isa ko'ina a Turai. Dabarun nan biyu halinsu yana canzawa da nisan hanya, don haka in aljihu zai ɗauka ka yi biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Turai. Kafin ka yarda cewa ta Legas ɗin kusa take, yi traceroute, mai nuna hanyar da fakiti ya bi, ka gani. In kamfanin layinka da mai uwar garken suna musaya a IXPN, cibiyar da kamfanonin intanet na Najeriya ke haɗa layukansu, fakitinka ba zai bar ƙasar ba. In ba haka ba, kana iya ganin ya leƙa Landan ya dawo. Waɗanda suke aiki ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, sun ga bambancin abin da ke cikin gida da abin da sai an tsallaka ruwa.

Kuma ka yi lissafin data tun yanzu. Gwajin minti ɗaya a megabit 10 yana cin megabait 75. Ninka shi da yawan maimaici da layuka uku da mako uku kafin uwargida ta ninka maka.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni a Maraɗi nake, ina aikin haɗa intanet a ofisoshi. Irin wannan tashin ping ɗin da dare muna ganinsa a nan ma. In ka gama tsara shirin awon, turo mini ta hannun admin, ina da Pi guda a ajiye. Ba don kundinka ba, kada Hajiya Malama ta yi mini faɗa, don mu gani kawai.

Tsohon Ɗalibi: To, tunda take ba zai motsa ba na janye batun akwati. Amma ina nan a kan bakana: mako uku na Hajiya kada su zama wata uku. Admin ka rubuta ranar, mu tambaye shi.

Malamar Jami'a: Na manta abu ɗaya. Raspberry Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa. In wuta ta ɗauke ya mutu, da ya tashi yakan ci gaba daga lokacin da ya ajiye na ƙarshe, har sai ya samu intanet ya daidaita. Tunda ka ce batirinku ba ya kai asuba, je ka duba lokutan da ke cikin fayilolinka kafin ka buga wancan shafin.

Mai tambaya: Innalillahi. Na duba. Akwai ranaku da yawa da awon safiya ya fito da ƙarfe ukun dare da 'yan mintuna, wasu layukan ma lokacinsu ya maimaitu. Na isha'i dai lafiya suke, don a lokacin batir bai mutu ba. An ce mini akwai ƙaramin agogo DS3231 da ake maƙala wa Pi, gobe in na tashi daga makaranta zan bi ta Sabon Gari in nema, in tambayi kuɗin batirin sola kuma tunda ina wurin. Alhamis ce ranar ganin sufabaiza.